Ina ikon Allah yake a daren da babura suka shigo gari?



Karatunmu: Ayyukan Manzanni 12, Matiyu 13:24-30, Wahayin Yahaya 6:9-11

A wani taron nazarin Littafi Mai Tsarki na zumuntarmu, bayan mun gama rera waƙoƙin yabo, wani ɗan'uwa da ba ya yawan magana ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ina da tambaya, amma kada ku ce na ja da baya. Kowace Lahadi muna cewa Allahnmu mai iko duka ne, an kuma riga an ci nasara a kan Shaiɗan. To, me ya sa har yau mahaifiyata take kwana da takalmi a ƙafa?" Ɗakin ya yi tsit. Wani ya ta da waƙa don a rufe zancen, amma babu wanda ya amsa masa. Dukanmu mun san tambayar tamu ce, shi dai ya riga mu furta ta.

Ba mu so mu sake rufe wannan tambaya da waƙa. Matashin da ba a ba shi amsa a coci ba, zai je ya nemo ta a wani wuri, wuraren kuwa ba su da kyau.

Abin da idonmu ya gani

Mu da muke zaune a Wurno, Rabah da Goronyo ba a littafi muka karanta mugunta ba. Ranar Litinin 9 ga Yuli 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi, ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30. Waɗanda suka tsira suka kwarara zuwa Gandi, makarantar firamare ta zama masaukin 'yan gudun hijira. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, ranar da muka yi sujada da safe, aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo da yamma. Gwamnatin jiha ta ce mutum 43 suka mutu. A lokacin an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Goronyo, mutum bai iya ko kiran ɗan'uwansa ya ji ko yana da rai ba. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya a cikin mota kusa da Gidan Bawa, a yankin Isa. Tsakanin waɗannan ranaku da jaridu suka ɗauka, akwai ranaku masu yawa da babu wanda ya rubuta: gonar da aka bari ba shuka, harajin da ƙauye ya tara ya kai daji, shanun da aka kora, gidan da aka sayar don a fanshi uwa.

Mu faɗi gaskiya kuma. Yawancin waɗanda aka binne a waɗannan hare-hare maƙwabtanmu Musulmi ne, manoma da 'yan kasuwa irin iyayenmu. Mu Kirista 'yan kaɗan ne a wannan yanki, amma tsoron ɗaya ne, hanyar kasuwar ɗaya ce. Muna kuma ɗauke da namu raunuka. Ba mu manta da Michael Nnadi ba, ɗalibin makarantar horar da firistoci, ɗan shekara 18 daga majalisar Katolika ta Sakkwato, wanda aka sace a Kaduna ranar 8 ga Janairu 2020 tare da abokansa uku. Su aka sake su, shi aka kashe shi. Ba mu manta da Deborah Samuel ba, wadda taron jama'a ya kashe a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu 2022, kisan da fadar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi.

Duk koyarwar da za mu yi a kan ikon Allah, dole ta zama wadda za a iya faɗa a gaban iyayen waɗannan mutane ba tare da kunya ba.

Wa'azin da yake yi mana lahani

Akwai wani irin wa'azi da yake yawo a wayoyinmu. Yana cewa in bangaskiyarka ta cika, harsashi ba zai taɓa ka ba. In ka shafa mai, ka ba da wata baiko ta musamman, masu garkuwa da mutane ba za su ga motarka ba. Yana da daɗin ji, amma ku bi shi zuwa ƙarshensa. In haka ne, ashe duk wanda aka kashe, laifinsa ne. Ashe gwauruwar da take kuka a bayan coci za ta ƙara da wani kukan, cewa bangaskiyar mijinta ce ta kasa. Wannan zalunci ne a kan zalunci.

Ubangiji Yesu da kansa ya rushe wannan tunani. A Luka 13 aka kawo masa labarin Galilawan da Bilatus ya kashe, shi kuma ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa. Ya nuna sarai cewa waɗannan mutane ba su fi sauran zunubi ba. Masifa ba ma'aunin zunubin mutum ba ce, tsira kuma ba lambar yabo ba ce.

Ku duba Ayyukan Manzanni 12 da kyau. A farkon surar Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi. A tsakiyarta mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku. Ikilisiya ɗaya ce, Allah ɗaya ne, manzanni biyu ne da Yesu ya zaɓa da bakinsa. Wa zai ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya? A ƙarshen surar kuwa Hirudus da kansa ya mutu, maganar Allah ta ci gaba da yaɗuwa. Haka ma Ibraniyawa 11: a jeri ɗaya aka lissafta waɗanda suka tsere wa takobi ta wurin bangaskiya, da waɗanda takobi ya ci ta wurin bangaskiya. Dukansu an yi musu kyakkyawar shaida.

Allah yana ceto, mun gani. A cikinmu akwai waɗanda suka dawo daga daji da ƙafafunsu bayan an fid da rai. Muna roƙonsa kariya kowane dare, ba kuwa za mu daina ba. Amma bai taɓa sa hannu a takardar cewa ba za mu sha wuya ba. Shadrak, Meshak da Abed-nego sun fahimci wannan a Daniyel 3: sun tabbata Allah yana da iko ya fisshe su daga tanderu, sun kuma yanke shawara tun kafin su san sakamako cewa ko bai fisshe su ba, ba za su durƙusa wa gunki ba.

Inda Allah ya nuna ikonsa

Mun taso a ƙasar da ake auna iko da yawan bindiga da yawan babura. Shi ya sa yaro ɗan shekara 15 yake kallon mai rataye da bindiga kamar wani sarki. In da wannan ma'auni muka je neman ikon Allah, za mu dawo hannu rabbana.

Littafi Mai Tsarki bai koya mana cewa akwai iko biyu masu ƙarfi ɗaya suna kokawa, ana jira a ga wanda zai kā da wani ba. Shaiɗan halitta ne. A farkon littafin Ayuba sai da ya nemi izini, aka kuma shata masa iyakar da bai isa ya ƙetare ba. Wannan bai amsa mana dalilin kowace masifa ba, Ayuba ma ba a bayyana masa ba. Amma ya nuna mana wanda ragama take hannunsa.

Wurin da Allah ya zaɓa ya bayyana ikonsa mafi girma shi ne gicciye. Ku tuna yadda abin ya faru. An kama Yesu da dare, da takuba da kulake. Wani na kusa da shi ne ya karɓi kuɗi ya nuna inda yake. An yi masa shari'ar ƙarya, hukumar da ya kamata ta kāre shi ta wanke hannu. Duk wanda ya zauna a gabashin Sakkwato ya san kowane sashe na wannan labari. Mai Cetonmu bai kalli wahalarmu daga nesa ba, ya shiga cikinta har ƙarshe. Ranar Juma'a kowa ya ɗauka mugunta ta yi nasara. Ranar Lahadi kabari ya wayi gari babu kowa.

Babban makamin mugu shi ne barazanar mutuwa. Da ita ake karɓar haraji, da ita ake rufe bakin gari. Tashin Yesu daga matattu ya karya wannan makami a gindinsa. Kolosiyawa 2:15 ta nuna cewa a kan gicciye aka kwance wa ikokin duhu ɗamara, 1 Korantiyawa 15 kuma ta nuna cewa Almasihu yana mulki har a ƙasƙantar da kowane maƙiyi, na ƙarshensu ita ce mutuwa.

To, in an ci nasara, me ya sa ake ci gaba da kuka? Duk wanda ya taɓa kashe maciji a gona ya sani. Ka farfasa masa kai, amma jikin yana ta murɗawa yana dukan ƙasa, mai hankali kuma ba ya kai hannu kusa da bakinsa. An gama da shi, amma bai daina motsi ba. Wahayin Yahaya 12 ta ce haukan Iblis ya ƙaru ne domin ya san kwanakinsa kaɗan suka rage. Muna zaune ne tsakanin ranar da aka fasa kan macijin da ranar da za a jefar da gawarsa.

Me ya sa yake jinkiri?

Mu mutanen kwarin Rima muna da misali a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, an gina ta don ta riƙe ruwa kusan mita kubik miliyan 942. Wanda ya tsaya a bakinta da rani ya ga ruwan kwance shiru, zai iya cewa babu ƙarfi a nan. Amma waɗanda suka ga ambaliyar watan Satumba 2010, sa'ad da ƙauyuka da gonaki suka nutse, har gadar hanyar Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta karye, ba za su taɓa faɗin haka ba. Ikon da aka riƙe, iko ne har yanzu. Wasiƙar Bitrus ta biyu, sura 3, ta ce abin da muke kira jinkiri haƙuri ne, domin Allah yana ba mutane zarafin tuba.

Akwai bambanci ɗaya mai muhimmanci. Ambaliya ba ta zaɓen gida, hukuncin Allah kuwa ba ya kuskure. Mu ne muke kama da ambaliya in muka ɗauki hukunci a hannunmu. Shi ya sa a misalin alkama da ciyawa, maigona ya hana barorinsa gaggawar cire ciyawar, don kada su tumɓuke alkamar tare da ita. Wanda ya taɓa cire ciyawa a fadamar shinkafa a Wurno ya san yadda wata ciyawar take kama da shukar tun tana ƙarama. Mun ga abin da yake faruwa in barori suka yi gaban kansu. Kwanaki kaɗan kafin harin kasuwar Goronyo, 'yan sa-kai sun kashe mutum 11 a kasuwar Mamande ta ƙaramar hukumar Gwadabawa, mutane da yawa kuma sun danganta abubuwan biyu. Jini ya kira jini, waɗanda suka biya kuwa masu sayar da albasa ne da masu sayen gero.

Kada kuma mu manta cewa wannan haƙuri ne ya cece mu. Da Allah ya rufe littafi a ranar da aka jajjefi Istifanas, da Shawulu ya tafi a matsayin mai kisan kai, da ba mu da wasiƙun Bulus. Maganar tana da nauyi a baki, amma gaskiya ce: a cikin yaran da suke daji yau, akwai waɗanda Allah yake jira.

Ranar tana zuwa

Kada wani ya ɗauka haƙurin Allah mantuwa ne. A Wahayin Yahaya 6, rayukan waɗanda aka kashe suna kira da babbar murya suna tambaya har yaushe. Ba a tsawata musu ba. An ba su fararen riguna, aka ce su ɗan ƙara jira. Ashe tambayar ɗan'uwanmu ba rashin bangaskiya ba ce, a sama ma ana yin ta. Annabi Habakuk ya yi ta, masu Zabura sun yi ta.

Masu iko da yawa sun ratsa wannan kwari. Turawan Ingila sun ci Sakkwato a 1903, suna gani kamar sun zauna ke nan. A 1960 suka naɗe tutarsu. A watan Satumba 2024 sojoji suka kashe Halilu Sububu, wanda sunansa kaɗai yake sa gari ya watse. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma mun kuma lura cewa bayan mutuwarsa ba a daina satar mutane ba. Faɗuwar mugu ɗaya ba ita ce ƙarshen mugunta ba, domin saiwar tana cikin zuciyar ɗan adam. Nasarar da muke jira ta fi wannan zurfi. Wahayin Yahaya 20 da 21 sun nuna Iblis da mutuwa kanta an jefa su cikin tafkin wuta, an buɗe littattafai, kowa ya tsaya a gaban kursiyi: wanda ya harba, wanda ya sayar da makami, wanda ya nuna gida, wanda ya ci kuɗin tsaro. Babu fayil ɗin da zai ɓace a wannan kotu. Bayan haka Allah da kansa zai share hawayen mutanensa.

Wani zai ce, wannan zancen lahira ne kawai don a sa talaka ya naɗe hannu. Mun ji wannan zargi, in kuwa begenmu ya sa muka yi barci, zargin ya kama mu. Amma ku duba waɗanda suka naɗe hannu da gaske: su ne waɗanda suka ce ƙasar ta riga ta lalace, kowa ya ceci kansa. Manomin da ya tabbata kaka tana zuwa shi ne yake fita noma.

Kafin ranar ta zo

In mun gaskata nasarar Almasihu tabbatacciya ce, za a gani a abubuwa huɗu.

Na ɗaya, ba za mu nemi iko a wani wuri ba. Mun san akwai matasan coci da suke ɗaure da laya ko guru a ƙarƙashin riga, wasu sun sha maganin bindiga. Tsoro ne ya kai su, ba ma yi musu dariya. Amma ɗan'uwa, in ka sa gicciye a wuya, laya a ƙugu, ka riga ka faɗi wanda ka fi amincewa da shi. Kwance ta, ka je wurin fasto ko wani dattijo a yi addu'a tare.

Na biyu, ba za mu ci daga hannun mugunta ba. Babu harin da ake kaiwa ba tare da wani ya ba da labari, wani ya kai mai, wani ya kai burodi ko ƙwaya ba. Rashin aiki yana da zafi, kuɗin kuma yana da yawa. Ka tuna da azurfa 30 da inda suka kai mai su. In wani ya taɓa ka da irin wannan magana, kada ka riƙe ta kai kaɗai.

Na uku, ba za mu ƙi wata kabila ba. Bafulatanin da yake kawo nono kasuwa ba shi ne ya kai hari ba, sau da yawa shi ma an kore masa shanu. Romawa 12 ta ce mu bar wa Allah ramuwa, mu rinjayi mugunta da nagarta. Wannan ya shafi abin da muke turawa a WhatsApp da Facebook. Hoton da ba ka san asalinsa ba, da saƙon da yake zagin kabila ko addini gaba ɗaya, kada ya wuce ta wayarka.

Na huɗu, za mu tashi mu yi aiki. Nehemiya ya yi addu'a, ya kuma sa masu tsaro. Romawa 13 ta ɗora wa hukuma nauyin hukunta mai mugunta, saboda haka tambayar shugabanni abin da suka yi da amanar tsaro ba tawaye ba ne. Mu yi rajistar zaɓe, mu kai rahoto ta hanyar da doka ta tanada, mu yi wa sojoji da 'yan sanda addu'a. Mu kuma duba 'yan gudun hijirar da suke kwana a kangaye da barandar makarantu a garuruwanmu. Kwanon gero, tabarma, sabulu, ba da jini a asibiti, koya wa yaransu karatu da yamma: waɗannan ba su fi ƙarfin zumuntarmu ba. Kada mu tambayi addinin mai yunwa kafin mu ba shi abinci. Iyalin da suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, ba hukuncinmu suke bukata ba, hannu suke bukata.

Ga ɗan'uwanmu da ya yi tambaya: ba mu da alkawarin cewa Mama za ta cire takalminta a daren nan. Abin da muke da shi shi ne, wanda ya fito daga kabari yana tare da ita a ɗakin, masu baburan kuma suna da iyakar da ba su san da ita ba. Ka ci gaba da tambaya, amma ka yi ta a gaban Allah, tare da mu.

Mu yi addu'a

Ya Uba Mai Iko Dukka, ka ga Wurno, ka ga Rabah, ka ga Goronyo. Ka tsare masu tafiya kasuwa da masu zuwa gona. Ka dawo da waɗanda suke tsare a daji. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, Kirista da Musulmi. Ka ba shugabanninmu tsoronka. Ka juyo da zukatan masu riƙe da makami, wanda ya ƙi kuwa ka karya ikonsa. Ka tsare mu daga laya, daga kuɗin jini, daga ƙiyayya. Ka riƙe mu da aminci har ranar da Ɗanka zai bayyana. Cikin sunan Yesu Almasihu muka roƙa. Amin.